Koyo a Gaban Gwani: Tarihin Horar da Masu Gashin Ƙashi da Rabon Sakkwato a Cikinsa

Gabatarwa

A duk lokacin da aka zauna taron shekara aka ɗauko zancen ciyar da unguwa gaba, abin da kan fara zuwa bakin jama'a shi ne magudanar ruwa, da taransifoma, da rufin makaranta, da kuɗin jarrabawar yara. Babu wanda zai ce waɗannan ba su kamata ba. Sai dai akwai wata buƙata wadda ba kasafai ake ambatonta a zauren taro ba, alhali da wuya a sami dangin da bai taɓa ɗanɗana ta ba. Ga dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, yana kwance a ɗaka, sai an tayar, sai an kwantar. Ga ɗan kabu-kabun da ya karye aka ɗora, ƙashi ya kama amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Ga yarinyar da ta shekara uku da haihuwa ba ta iya zama da kanta ba. Allura da ƙwaya kaɗai ba su isa su mayar da waɗannan bayin Allah kan ƙafafunsu ba. Suna buƙatar hannun mai gashin ƙashi, wanda ma'aikatan asibiti ke kira fisiyo.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda ake horar da irin wannan ma'aikaci, musamman zaman koyon aiki da ɗalibi kan yi a asibiti a ƙarƙashin kulawar wanda ya riga shi ƙwarewa. Abin da tarihin zai nuna mana shi ne, a gefen gadon majinyaci ake ƙera mai gashin ƙashi, kuma duk garin da bai tanadi wurin yin wannan horo ba zai daɗe yana aron ma'aikata daga garuruwan da suka tanada.

Tsohuwar al'ada ce a ƙasar Shehu

Tun kafin Turawa su ci Sakkwato a watan Maris na 1903, mutanen wannan gari sun san cewa karanta littafi bai isa ya mayar da mutum malami ba. Ɗalibi kan zauna gaban malaminsa a zaure, ya biya, malam ya gyara masa, har a sauke littafin, sannan a ba shi ijaza, wato shaidar cewa ya ɗauki wannan karatu daga bakin wane, wanda shi ma ya ɗauka daga wane. Muhimmancin wannan silsila ne ya sa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda domin lissafa malaman da ya yi karatu a hannunsu. Ta fuskar mata kuwa, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta tura jaji ƙauye ta karantar da 'yan taru sai ta horar da ita a gabanta, sannan ta ɗora mata malfa, alamar an ba ta izini.

Shugabannin jihadi ba su bar fannin lafiyar jiki a baya ba. Malam Abdullahi ya wallafa Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, ciki har da na ciwon ido da na basir. Da Baturen nan matafiyi, Kyaftin Kilafaton, ya iso Sakkwato a 1824, daga cikin abubuwan da Bello ya nema wurin Sarkin Ingila akwai a aiko masa da likita ya zauna a garin. Ke nan neman ƙwararre daga nesa domin amfanin talakawa ba baƙon abu ba ne a gidan nan.

Haka abin yake a sana'o'in hannu. Ɗan maɗori kan yi shekara da shekaru yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar wanda ya karye, yana gyara karan ɗori, yana kallon yadda ake lalube da yatsa a bambance karaya da targaɗe, kafin a yarda ya ja ƙashi da kansa. Haka ɗan wanzami, haka mai koyon ungozomanci. Wannan tsari ya riƙe al'umma tsawon zamani, kuma yana da abin yabo. Rauninsa shi ne babu mai dubawa daga waje. Idan uba yana da kuskure, ɗa zai gaje shi tare da sana'ar. Shi ya sa har gobe akan ga hannun yaro ya kumbura ya yi baƙi saboda an ɗaure karan ɗori tamau har jini ya kasa wucewa, ko kuma gaɓa ta sandare saboda an daɗe ba a motsa ta ba. Abin da horon asibiti na zamani ya ƙara a kan tsohuwar al'ada shi ne sanin ƙirar jiki daga ciki, da rubuta duk abin da aka yi, da jarrabawa a gaban wanda ba danginka ba.

Yadda sana'ar ta tsayu a Turai

A 1813, lokacin da Shehu Usmanu yake zaune a Sifawa, wani malami mai suna Per Henrik Ling ya buɗe makarantar motsa jiki a babban birnin ƙasar Suwidin, inda aka riƙa koyar da tausa da atisaye a matsayin magani. Daga can dabarar ta bazu cikin Turai. Amma da yake babu doka, duk wanda ya ga dama sai ya kafa allo ya ce shi mai tausa ne, har sunan sana'ar ya ɓaci a Landan saboda gidajen da ake fakewa da ita ana aikata masha'a. Wannan ne ya sa a 1894 wasu mata huɗu, ma'aikatan jinya da ungozomanci, suka kafa ƙungiyar horarrun masu tausa, suka shimfiɗa sharaɗin cewa ba a ba kowa shaida sai ya koya, an kuma jarraba hannunsa a zahiri. A 1920 ƙungiyar ta sami amincewar fadar Sarkin Ingila.

Abubuwa biyu ne suka haɓaka sana'ar, wato yaƙi da shan inna. Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya bar dubban samari da guntayen gaɓoɓi da jijiyoyin da harsashi ya tsinka, annobar shan inna kuma ta riƙa naƙasa yara a Amurka da Turai har zuwa shekarun 1950. Masu wannan aiki a Amurka sun kafa ƙungiyarsu a 1921, sannan a 1951 ƙungiyoyin ƙasashe 11 suka haɗu a Kofanhegan, babban birnin Danmak, suka kafa ta duniya. Ranar da aka yi wannan zama, 8 ga Satumba, ita ce ake bikinta duk shekara a matsayin ranar masu gashin ƙashi ta duniya. Duk inda sana'ar ta je, sharaɗin nan na 1894 yana biye da ita. A Ingila, alal misali, an daɗe da tsayar da cewa ɗalibi zai cika awa 1,000 yana aiki da majinyata a ƙarƙashin kulawa kafin ya kammala.

Daga dajin Bama zuwa Igbobi

Nijeriya ma ta ƙofar yaƙi sana'ar ta shigo mata. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, Ingila ta kwashi sojojin Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, ta kai su dajin Bama su yaƙi Japanawa. Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, Hausa ce ma harshen bariki a wancan zamani. Waɗanda suka dawo da raunuka an yi jinyarsu a wani sansani da ke Igbobi, cikin Legas, wanda ya rikiɗe ya zama asibitin ƙashi. A nan ne a 1945 aka kawo Turawa biyu ƙwararru, Mis Manfield da Mista Williams, aka ɗora musu aiki biyu: su yi jinyar sojojin, su kuma horar da 'yan ƙasa. Sai suka buɗe kwas na shekara uku domin yaye mataimakan masu gashin ƙashi. Abin lura a nan shi ne makarantar farko ta wannan sana'a a ƙasar nan cikin asibiti aka haife ta, ɗalibi na gefen gado, malaminsa na tsaye a kansa.

Wasu 'yan Nijeriya suka wuce Ingila suka samo cikakkiyar shaida. Fitacce a cikinsu shi ne Dokta Abayomi Oshin, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu gashin ƙashi ta Nijeriya a 1959. A 1966 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin, ta jingina shi da asibitin koyarwarta wanda aka buɗe a 1957. Jami'ar Legas da ta Ife suka biyo baya a shekarun 1970, sai Jami'ar Nsukka a harabarta ta Inugu a shekarun 1980. Mai karatu zai lura cewa kowace ɗaya daga cikin waɗannan makarantu tana maƙale da babban asibiti, kuma dukansu a Kudu suke. Saboda haka, fiye da shekara 40 bayan Igbobi, ɗan Sakkwato ko ɗan Gwandu da ke sha'awar wannan karatu sai ya ƙetare Kwara.

A 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, aka yi doka mai lamba 38 wadda ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan farfaɗo da gaɓoɓi, wadda aka fi sani da MRTB. Ita ce ke duba makarantu da asibitocin da ake horo a cikinsu, ita ce kuma ke ba da lasisi. Idan muka yi magana da harshen zaure, ita ce mai riƙe da ijaza.

Isowarta Arewa

Arewa ta sami nata asibitin ƙashi a Dala, cikin birnin Kano, a 1959, shekara guda kafin samun 'yancin kai. Sai a ƙarshen shekarun 1980 Gwamnatin Tarayya ta kafa makarantar gashin ƙashi a Kano, aka jingina ta da wannan asibiti na Dala, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero ta zama sashe mai ba da digiri. Samuwar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da tsohon Asibitin Murtala ya ba ɗalibai wuraren zagayawa daban-daban. Jami'ar Maiduguri ta buɗe nata sashen a farkon shekarun 2000, daga baya wasu jami'o'in Arewa suka shigo sahu.

Sakamakon wannan a bayyane yake. Kano ta zama cibiyar sana'ar a Arewa, domin ɗaliban da suka yi horo a can da yawansu a can suka sami aiki, suka yi iyali, suka zama malaman na baya. Dalili kuwa shi ne mutum yakan kafu a inda ya saba da ɗakin jinya, ya san manyansa, su ma suka san hannunsa. Wannan darasi ne da ya kamata mu riƙe kafin mu iso kan Sakkwato.

Abin da ɗalibi ke yi a zaman asibiti

An daɗe ana yin wannan digiri cikin shekara biyar, kafin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da sabon tsari na shekara shida mai ba da digirin dakta, kuma ƙara lokacin aiki a asibiti yana cikin dalilan sauyin. Shekarun farko na aji ne da ɗakin gwaje-gwaje, inda ake karanta ƙirar jikin ɗan Adam, da aikin kowace gaɓa, da tafiyar jini da jijiya, da yadda zafi, sanyi da lantarki ke shafar tsoka. Daga nan sai a rarraba ɗalibai rukuni-rukuni zuwa sassan asibiti, abin da suke kira fostin. Sukan yi makonni a sashen ƙashi, su koma na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, su je na yara, da na mata da haihuwa, da na ƙirji da zuciya, har da fita cikin unguwanni da ƙauyuka.

Horon hawa-hawa ne. Da farko ɗalibi kallo kawai yake yi. Sai a bar shi ya tambayi majinyaci tarihin ciwonsa, ya auna iyakar lanƙwasuwar gaɓa da ƙarfin tsoka, ya zo ya karanta wa malaminsa abin da ya gano a gaban 'yan uwansa ɗalibai, a yi masa tambayoyi. In an gamsu, sai a yarda ya taɓa majinyaci, malam na tsaye. Kowane aiki ya yi sai ya shigar da shi cikin littafin shaida, malam ya sa hannu. A jarrabawar ƙarshe akan gayyato malami daga wata jami'a, a ba ɗalibi majinyaci ya duba a gabansu, ya faɗi abin da ke damunsa da yadda zai yi masa aiki. Bayan ya ci, sai ya yi rantsuwa, a ba shi lasisin wucin gadi, ya yi wata 12 na sanin makamar aiki a asibitin da hukuma ta amince da shi, sannan a yi masa cikakkiyar rajista ya tafi bautar ƙasa.

Mai karatu na iya tambaya, duk wannan tsanani a kan tausa da motsa jiki? Amsa ita ce hannun da ke gyara shi ne kuma ke iya ɓatawa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, idan aka riƙa jan hannunsa ana tayar da shi, kafaɗar na iya gocewa, ta bar shi da ciwon da zai hana shi atisaye. Mai ciwon suga da ya daɗe, ko wanda kuturta ta kashe wa jijiya, ba ya jin zafi sosai, saboda haka gashin da zai yi wa wani daɗi shi ƙona shi zai yi bai sani ba. Ƙwaurin da ya kumbura bayan doguwar kwanciya wataƙila gudan jini ne ya toshe hanya, kuma tausa na iya tura gudan zuwa huhu a rasa rai. Ciwon bayan da aka ɗauka gajiya ce, wani lokaci tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Littafi ya faɗi duk waɗannan, amma gane su a jikin mutum mai rai, wanda tsoro ya kama, ko kunya ta sa yana ɓoye wani abu, sai wanda aka nuna wa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana.

Sakkwato, ajin da ya cika da darasi

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, kuma asibitin koyarwarta yana karɓar majinyata daga jihohin Sakkwato, Kebbi da Zamfara, har da 'yan uwanmu na Birnin Ƙonni da sauran garuruwan Nijar. Ban da shi akwai Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Ƙashi na Wamakko, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha inda ake yi wa masu yoyon fitsari aiki, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da Amanawa, inda 'yan mishan suka karɓi jinyar kutare a ƙarshen shekarun 1930. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da majinyatan da ke buƙatar mai gashin ƙashi. Matar da doguwar naƙuda ta jawo wa yoyon fitsari sau da yawa takan tashi tana jan ƙafa, domin kan jariri ya danne jijiya. Wanda ya warke daga kuturta kuwa, magani ya kashe ƙwayar cutar, amma yatsun da suka naɗe sai da atisaye da kulawa.

Akwai kuma abin da Sakkwato ta yi fice da shi. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu cutar noma, wadda ba ta da alaƙa da noman gona. Cuta ce mai cin naman baki da fuska, tana kama yaran da yunwa da ƙyanda suka raunana. Asibitoci irinsa ƙalilan ne a duniya. A 2014 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara aiki tare da Ma'aikatar Lafiya a wurin, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranci gabatarwa. Yaron da ya tsira daga noma sau da yawa muƙamuƙinsa kan ɗaure, ya kasa buɗe baki ya ci tuwo. Likitan fiɗa zai saki muƙamuƙin, amma idan ba a bi shi da atisayen buɗe baki kullum ba, tabon zai sake janye shi. Ɗalibin da ya ga wannan aiki a Sakkwato ya ga abin da takwaransa na Landan sai dai ya gani a hoto.

Sai kuma shan inna. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na asali, bayan an ga na ƙarshe a Barno a 2016, duk da cewa ana ci gaba da rigakafi. Sarakunan Arewa, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sun taka rawa babba wajen shawo kan iyaye su karɓi ɗigon. Amma waɗanda cutar ta riga ta naƙasa suna nan tare da mu, a kasuwa da bakin titi da cikin gidaje, kuma za su buƙaci takalmin ƙarfe da sanduna da kulawa har ƙarshen rayuwarsu.

Ke nan ta fuskar abin koyo Sakkwato ba ta da talauci. Abin da ke mayar da asibiti makaranta shi ne isassun ƙwararru masu lokacin tsayawa a kan ɗalibi, da kayan aiki, da amincewar hukuma. A faɗin ƙasar nan guraben sanin makamar aiki sun yi kaɗan, har wanda ya kammala digiri kan zauna gida yana jiran gurbi, ga kuma ƙwararrun da ke ficewa zuwa Ingila, Kanada da Saudiyya. Duk gwani guda da ya tafi, ya tafi da rabon ɗaliban da za su koya a hannunsa.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ƙungiyar unguwa ba ta da ikon buɗe sashe a jami'a, amma akwai abin da hannunta zai kai. Na farko, tallafin karatu irin na ƙungiyoyi yakan tsaya a kan kuɗin rajista, alhali shekarun asibiti suna da nasu nauyi. Ɗalibi na biyan kuɗin mota zuwa asibiti kullum, yana sayen farar riga da ƙananan kayan awo, wani lokaci har da hayar ɗaki a garin da aka tura shi. Mu da ke zaune a Kano, Maiduguri, Ibadan ko Legas, ɗaki guda a gidanmu na iya zama abin da zai hana ɗan unguwa ajiye karatu.

Na biyu, 'ya'ya mata. Wannan aiki ne na taɓa jiki, kuma mata da yawa ba za su saki jiki da namiji ba, wasu mazajen ma ba za su bari ba, sai ciwo ya tsananta a cikin ɗaka. Maganin haka shi ne 'yan matanmu su shiga fannin, kuma bai dace a ce garin Nana Asma'u yana jan ƙafa a wannan wuri ba.

Na uku, 'yan uwanmu da suka ƙware a wannan aiki a wasu birane ko ƙasashen waje su riƙa ware kwanaki cikin hutunsu, su bi ta hannun hukumomin asibiti, su tsaya tare da matasan ma'aikata. Masu hali kuma, kafin su sayi na'ura su kai gudummawa, su fara tambayar shugaban sashe abin da ya fi buƙata. Sau da yawa ƙarafan koyon tafiya, da katifar atisaye, da madubi, da keken guragu sun fi amfani a kan injin da zai tsaya ranar da aka ɗauke wuta.

Na huɗu, mu da iyayenmu idan mun je asibiti aka ce ɗalibi zai duba mu malaminsa na tsaye, mu ba da haɗin kai. Haƙƙin majinyaci ne a nemi izininsa, haƙƙinsa ne kuma ya tambayi wanda ke kula da wannan ɗalibi. Amma in kowa ya ƙi, gwanin gobe a jikin wa zai koya?

Kammalawa

Daga zauren malam zuwa Igbobi, daga Dala zuwa asibitocin Sakkwato, hanyar ɗaya ce: wanda ya iya ya tsaya a kan mai koyo har sai hannunsa ya faɗa. Magabatanmu sun yi suna a kan wannan ƙa'ida ta fuskar karatu, har ɗalibai suka riƙa niƙo gari daga nesa suna zuwa Sakkwato. Babu abin da zai hana a sake ganin haka ta fuskar jinya, idan masu mulki suka ɗauki ƙwararru suka riƙe su, mu kuma muka tallafa wa 'ya'yanmu har su kammala. Muna fata kafin fitowar mujalla ta gaba a ce shugabannin ƙungiya sun san adadin 'ya'yan Gidan Dare da ke wannan karatu, da inda kowannensu yake horo, da abin da ya rage masa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma albarkaci zuri'armu baki ɗaya.